Kirari da Kunya a Bakin Mai Neman Aiki: Matsalar Sabon Shiga a Sana'o'in Fasaha a Dakoro

Garin Dakoro, wanda mutanensa suka fi kira Dakwaro, yana arewacin jihar Maraɗi, kimanin kilomita 120 daga babban birnin jihar, daf da kwarin Tarka inda ƙasar noma take ƙarewa ƙasar kiwo ta soma, shi ya sa Hausawa manoma da Fulani da Buzaye suke haɗuwa a kasuwarsa, kowa da irin aikin hannunsa. Sana'o'in fasaha, wato waɗanda darajar kayansu ta fi rataya a kan hikimar mai yi fiye da kuɗin kayan aiki, sun daɗe a wannan ƙasa, kamar dukanci da ƙirar azurfa da ɗinki da surfani da kiɗa, sai dai a ƴan shekarun nan an sami ƙari na ɗaukar hoto da haɗa bidiyon biki da zanen allunan talla da gabatar da shirye-shirye a rediyon karkara da shirya wasan kwaikwayon wayar da kai ga ƙungiyoyin agaji. Waɗannan sababbin ayyuka sun zo da sabuwar ƙofar shiga, domin sau da yawa ana bukatar matashi ya ajiye dosiye, wato kundin takardunsa, sa'an nan a kira shi ganawa, abin da a Nijeriya ake cewa intabiyu, inda za a zaunar da shi a ce ya faɗi da bakinsa abin da ya iya da dalilin da zai sa a ɗauke shi a bar wani.

A nan tambaya ta addini da tarbiyya take tasowa, domin yaron da aka rene shi a kan cewa yabon kai jahilci ne, aka hore shi da sunkuyar da kai a gaban manya, shi ne yau ake nema ya zama maroƙin kansa a gaban baƙi. Kunya tana cikin halaye goma da Anthony Kirk-Greene ya lissafa a 1974 a nazarinsa na mutumin kirki a wurin Hausawa, kuma a tarbiyyar Fulani da ake kira pulaaku matsayinta ya ma fi haka tsanani, saboda haka shirun da ɗan Dakoro yake yi idan an tambaye shi gwanintarsa ba lalle ne ya zama rashin sani ba.

Tsohon tsari bai taɓa ɗora wa mai neman sana'a wannan nauyi ba. Ɗan gado yana buɗe ido ne ya ga kansa a maƙera ko a rumfar dukanci, babu wanda ya tambaye shi komai, shi kuwa ɗan haye, wato wanda ya shigo sana'ar da ba ta gidansu ba, ubansa ko kawunsa ne yake kama hannunsa ya kai shi wurin maigida ya ce ga amana, ya kuma zama shi ne mai shaidar halinsa. Yabo kansa sana'a ce mai zaman kanta, kamar yadda M. G. Smith ya nuna a maƙalarsa ta 1957 a kan roƙo a ƙasar Hausa, ma'ana al'umma ta keɓe wasu mutane su riƙa faɗin alherin wasu don kada mai alherin ya faɗa da kansa. Wannan tsari yana da nasa zalunci, tunda wanda ba shi da mai kai shi ba shi da hanyar shiga, amma ya kare wa matashi mutuncin bakinsa.

Nassosin addini da suka hana yabon kai sanannu ne ga duk wanda ya zauna gaban malami a zaure. Aya ta 32 ta Suratun Najmi ta hana mutane tsarkake kawunansu, abin da malamai ke kira tazkiyya, wato mutum ya yi wa kansa shaidar nagarta alhali Allah ne mafi sanin mai taƙawa. Buhari da Muslim sun ruwaito gargaɗin da Annabi (SAW) ya yi wa Abdurrahman ɗan Samura a kan neman shugabanci, inda aka nuna cewa wanda ya nema da kansa za a bar shi da kayansa, wanda kuwa aka ba shi ba tare da nema ba za a taimake shi, kuma Muslim ya kawo yadda Abu Zarri ya nemi muƙami aka hana shi saboda rauninsa, aka tunatar da shi cewa abin amana ne. Wanda ya tsaya a nan zai iya ɗauka cewa ganawar neman aiki gaba ɗayanta makaruhi ce, ko da yake hadisan suna magana ne a kan mulkin jama'a, ba a kan ƙodago da neman halaliya ba.

Sai dai Alƙur'ani ya kawo Annabi Yusuf (AS) a aya ta 55 ta surarsa yana neman sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, yana kuma siffanta kansa da tsaron amana da sani, kuma wannan aya ita ce ginshiƙin masu halatta abin. Alƙurɗubi, malamin tafsiri Bamalike wanda ya rasu a 1273, ya fitar daga ayar cewa ya halatta mutum ya faɗi ilmin da yake da shi, sa'an nan ya kawo ƙaidin Almawardi, wanda ya rasu a 1058, cewa halaccin bai game kowane yanayi ba, ya taƙaita ne ga inda akwai bukata bayyananniya irin ta neman abin masarufi, in ba haka ba ya koma tazkiyya da riya. Abin lura shi ne Annabi Yusuf bai ambaci kyawunsa ko asalinsa ba, duk da cewa yana da su, ya ambaci siffofi biyu kaɗai da aikin taska yake bukata, kuma sarkin ya riga ya ga shaidar saninsa a fassarar mafarki da ta amanarsa a bincike a kan sharrin da aka yi masa. Haka nan a aya ta 26 ta Suratul Ƙasas, ƴar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki saboda ƙarfi da amana, bayan ta ga aikinsa a bakin rijiya, wato wani ne ya yi shaidar, kuma bisa abin da ido ya gani.

Al'adar Hausa, idan an duba ta da kyau, ta kai ga irin wannan iyaka ta nata hanyar. Kirari, wato kalaman kambama kai da mutum yake yi da ƙarfin murya, yabon kai ne tsantsa, amma ba a ganin aibinsa a bakin ɗan kokowa ko ɗan dambe ko mafarauci. Tun da aka fara gasar takobin ƙasa ta kokowa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya fara cinyewa, ƴan Nijar suke sauraron ƙarti suna cika baki a tsakiyar fili ba tare da wani ya ce sun yi rashin kunya ba, dalili kuwa shi ne nan take za a gwada maganar, wanda ya yi ƙarya ƙasa za ta ƙaryata shi a gaban jama'a. Ke nan abin da Bahaushe ya ƙi shi ne yabon da ba shi da filin gwaji. Ganawar neman aiki tana halatta gwargwadon kusancinta da filin kokowa, tana kuma ɓaci gwargwadon yadda ta zama gasar iya baki, kuma mai sana'ar fasaha ya fi sauran masu neman aiki sa'a a nan, domin tela yana iya shimfiɗa rigar da ya ɗinka, mai hoto ya buɗe wayarsa, mai neman aikin rediyo a miƙa masa makirfo, gani ya kori ji.

Wahalar tana ga sabon shiga, wanda bai tara abin nunawa ba tukuna, kuma ɗan abin da ya yi a shagon maigidansa ya yi shi. Rigar da maigida ya yanka, yaro ya haɗa, wani ya yi mata surfani, ta wane ne a ranar ganawa? Yanzu ma da manhajojin waya suke iya gyara hoto da murya har su ƙaga zane, jarrabawar ta ƙaru. Hadisin Asma'u ƴar Abubakar, wanda Buhari da Muslim suka kawo, ya kamanta mai nuna ya mallaki abin da ba a ba shi ba da mai sanye da tufafi biyu na ƙarya, kuma babu abin da ya fi wannan dacewa da mai jingina wa kansa aikin wani. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya rarrabe, ya ce wannan hannunsa ne, wancan na maigida ne. Amma akwai kuskure na biyu da tarbiyya take ɓoyewa, wato matashin da ya iya ya ce bai iya sosai ba don a ce yana da ladabi, wanda shi ma labari ne da ya saɓa wa gaskiya, yana kuma iya jawo a ba wanda bai cancanta ba aikin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Nauyin bai tsaya kan mai nema kaɗai ba, ko da yake wa'azi ya fi yawa a kansa. Mai ɗaukar aiki da ya gudanar da ganawa da Faransanci don aikin da za a yi da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci, harshe ya auna ba hannu ba, kuma wannan ya ƙara zama abin dubawa tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki. Tarihin fim na Nijar kansa yana tunatar da cewa gwaninta ba a baki take ba, domin Oumarou Ganda yana ƙodago ne a tashar jiragen ruwa ta Abijan lokacin da mai shirya fim Jean Rouch ya haɗu da shi, kafin fim ɗin Ganda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1972.

Mafi nauyi daga wannan shi ne aikin gwaji da sitaj, wato zaman koyon aiki, waɗanda sukan miƙe watanni ba a yanka wa yaro lada ba, alhali ana sayar da abin da ya yi. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Maraɗi bai bar wannan a duhu ba, domin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta sharɗanta wa ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, a ambaci wa'adi a kuma ambaci ladan, ta kuma bambanta ta da ju'ala, wato alkawarin lada idan an kammala wani aiki ayyananne. Cewa a zo a fara tukuna a ga abin da Allah zai yi bai shiga ko ɗaya daga cikin biyun ba, cinikin biri a sama ne, sai fa idan an fito fili an ce koyarwa ce zalla kuma an koyar ɗin. Gwajin awa guda da ba a amfana da sakamakonsa ba abu ne daban da bidiyon biki sukutum da aka karɓi kuɗinsa.

Risalar dai ita ce ta kawo hukuncin lamunin masu sana'a, wato tela ko maƙeri ko baduku yana biyan kayan da aka ba shi ya tafi da su idan suka lalace ko suka ɓace, ko da lada ya yi aikin ko kyauta, saɓanin sauran masu riƙon amana waɗanda ake gaskata su idan babu sakaci. Malaman mazhaba sun kafa wannan a kan maslahar jama'a, amma sun keɓe shi ga wanda ya kafa kansa yana karɓar aikin mutane, ban da yaron da yake aiki a ƙarƙashin maigida. Bisa wannan ƙiyasi, matashin Dakoro da ya bar shagon maigidansa ya ce wa mai shadda ko uwar amarya ya iya, ya fita daga inuwar wani ya shiga sahun masu biya, kuma yadin da ya ɓata a yanka, ko hotunan ɗaurin auren da suka goge a hannunsa, a wuyansa suke.