Lissafin Likita Da Ajalin Bawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

A manyan asibitoci akwai ɗakin da ake keɓe wa waɗanda ciwo ya kai su rai kwakwai mutu kwakwai, inda na'ura ke yi wa mutum numfashi, ana tsaye kansa dare da rana. Asalinsa daga birnin Kopenhagen ne na ƙasar Danmak. A 1952 annobar shan inna ta auka wa birnin, har cikin majinyata 31 na farko da numfashi ya gagare su, 27 suka mutu. Sai wani likita, Bjorn Ibsen, ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a riƙa tura iska da jakar roba. Ɗaliban likitanci suka yi ta matsa jakunkunan da hannu, suna karɓeɓeniya, har masu mutuwa suka koma ƙasa da rabi.

Da ba a ƙidaya matattu ba, da ba a san sabuwar dabarar ta fi tsohuwa ba. Tun daga nan lissafi bai rabu da wannan ɗaki ba. A 2007 an ƙidaya majinyata sama da 13,000 rana ɗaya cikin irin waɗannan ɗakuna a ƙasashe 75. Aka tarar rabinsu ƙwayoyin cuta sun kama su, kuma kashi 25 cikin ɗari na waɗannan suka rasu a ɗakin, alhali cikin sauran kashi 11 ne.

To, idan likita ya dogara da irin wannan ƙidaya ya ce wa dangi da wuya majinyacinsu ya tashi, ya shiga gaibu ke nan? Jama'a da yawa haka suke gani. Ni kuwa ban ga haka ba. Malaman usulu sun bambanta yaƙini da zato mai rinjaye, kuma galibin hukunce-hukuncen fikihu a kan na biyun aka gina su. Alƙali yakan yanke hukunci da shaidu biyu ba tare da ya ga abin da idonsa ba. Mara lafiya yakan ajiye azumi bisa maganar likita amintacce. Ƙidaya labarin mutum ɗari take bayarwa, ba ta san wane ne cikinsu ajalinsa ya yi ba. Wannan sani na Allah ne Shi kaɗai. Saboda haka haƙƙin likita ne ya ce "galibi", kuma bai kamata ya wuce nan ba.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne cire na'ura. A 1986 Majalisar Fikihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman, ta ce wanda ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki ɗungum, ƙwararru suka tabbatar ba za ta dawo ba, ya mutu a shari'a. Shekarar da ta biyo, majalisar Rabiɗa a Makka ta yarda a cire na'urar in likitoci uku sun tabbatar, amma ta ce ba a hukunta shi matacce sai zuciya da numfashi sun tsaya. Saɓanin ba ƙarami ba ne, tun da gado da takaba duk a kan wannan lokaci suke ratayawa. Amma a lura, su duka biyun ba su kira cirewar kisa ba.

Abin da ya fi damuna dabam ne. A 2020, da cutar korona ta cika asibitocin arewacin Italiya, likitoci sun zaɓi wanda za a sa wa na'ura, aka bar wani. Mu nan ƙarancin gadaje ba sai annoba ta zo ba, kuma sau da yawa kuɗin ajiya ne ke yin zaɓen tun kafin likita ya duba. Gado ɗaya, mutum biyu: idan aka ba wanda ƙidaya ta nuna ya fi kusa da amfana, an yi ijtihadi, ko da an kuskure. Idan kuwa aka ba shi don shi ne mai abin biya, ko ɗan wane, ban san da wane babi na fikihu za a kare wannan ba. Wallahu a'alamu.