Shin Ana Biyan Mutum Don Ya Riƙe Amana?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta da damina, ko ya ratsa ƙauyukan Bichi da Minjibir, da wuya ya ga taku ɗaya na ƙasa wanda ba shi da mai shi. Gona ta jingina da gona, iyakarsu kuwa layin gamba ne kawai ko na lalle. Tun a shekarun 1960 wani masani Bature, Michael Mortimore, ya yi nazarin wannan yanki, ya nuna yadda iyayenmu ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu amma ba ta mutu ba, saboda takin turke da wanda jakuna ke kwasowa daga birni, da kuma gawo da ɗorawa da kuka da aka bari a tsaye. Ba wanda ya taɓa ba su ko anini a kan wannan aiki.

To, a wasu ƙasashen ana biya. A Amurka, tun daga shekarar 1985 gwamnati ke ƙulla yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15 da manomi, tana ba shi kuɗin haya duk shekara don ya ɗauke garma daga gonar da zaizaya ke ci, ya bar ta ga ciyawa da itatuwa. A 1990 aka ƙara da biyan masu mayar da fadamu yadda suke a da. Mu ma nan gida, a ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja. Tunda irin wannan kuɗi ya fara shigowa, ya kamata mu tambayi kanmu tun da wuri: daidai ne a biya mutum don ya kula da ƙasar da Allah ya ba shi amana?

Masu cewa bai dace ba suna da hujja mai ƙarfi. Suna cewa amana ba haja ba ce, kuma ranar da aka sa mata farashi, ranar aka koya wa mutum cewa in kuɗi sun yanke, nauyi ya sauka daga kansa. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun ga haka da idonsu. Lokacin farin 1984 an riƙa ba manoma abinci bisa sharaɗin su bar tohon itatuwa ya girma a gonakinsu, da rabon abincin ya ƙare sai da yawansu suka sa gatari. Amma waɗanda suka haƙura sun ga itacen girki da abincin dabbobi, sun ga ƙasa ta daina tashi da iska, har maƙwabta suka shiga kwaikwayonsu ba tare da an ba su komai ba. Wannan dabara, da suke kira sassabin zamani, ta game kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Sai dai fa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Rabon gado ya yayyanka gonakinmu, har wani magidancin abin da ya rage masa bai wuce ɗan yanki a bakin rafi ba, inda yake noma albasa da tumatir da rani. In muka ce masa ya ja da baya daga gaɓa, ya bar wurin ga ciyawa da itatuwa don fadama ta riƙe ruwa, to abincin 'ya'yansa muka ce ya sadaukar. Amfanin kuwa ba shi kaɗai zai ci ba, har da mai rijiya a ƙauyen gaba, da makiyayin da zai shayar da shanunsa a bazara, da jikokinmu da ba a haifa ba.

Ruwa bai san iyakar gona ba, bai ma san ta jiha ba. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, manoman Kadawa sun sami shinkafa da alkama, amma can ƙasa, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da ke ciyar da manomi da masunci ta ragu, kacalla kuma ta toshe magudanai. Abin da na sama ya yi, na ƙasa ne ke kwana da shi. In haka ne, adalci shi ne wanda ya kame hannunsa don amfanin jama'a, jama'a su taya shi ɗaukar asarar daga baitulmali. Haka magabata suka yi da hurumi da burtali: gari duka ne ya haƙura da wurin, ba a ɗora wa mutum ɗaya ba.

Saboda haka a ganinmu biyan ya dace, muddin an ɗauke shi a matsayin diyyar abin da manomi ya rasa. Amanar kanta tana nan a wuyansa, ko an biya ko ba a biya ba. Wannan kuwa yana da sharuɗɗa. Na farko, kuɗin ya isa hannun wanda ya yi asarar. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna bisa amana, amma a ƙauye gonaki da yawa aro ne ko haya ko jingina, wasu kuma rabon mata ne da ke hannun 'yan'uwansu maza. In aka bi takarda kawai, mai gona da ke zaune a birni zai karɓa, mai fartanya ya tashi a tutar babu. Na biyu, itacen da manomi ya raina ya zama nasa, ya yi sassabe ya sayar ba tare da tsoron ma'aikacin daji ba, domin wannan ne zai riƙe shi bayan kuɗi sun ƙare. Na uku, kada a manta da tsohon da ya shekara arba'in bai sare gawonsa ba. In aka biya wanda ya sare don ya sake dasawa, aka tsallake wanda ya kiyaye, to mun koya wa yara cewa ɓarna ce ke kawo riba.

'Yan'uwa marubuta, mun cika kasuwa da labaran soyayya, kuma ba laifi ba ne. Amma rigimar gado a kan ɗan yankin fadama, da dattijon da ya ƙi sayar da kukarsa ga mai gawayi, su ma labarai ne da ke jiran alƙalami. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya kuma ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.