Ko Yaro Ya Iya Yi wa Babba Gyara?

Wani lokaci mukan ji dattijo ya yi kuskure cikin ikilisiya, ko wajen karatu ko wajen hukunci. To, ƙaƙa za mu yi? In mun yi shiru, ɓarna ta yaɗu. In kuwa mun kwaɓe shi gaban jama'a, mun zub da girmansa, ba kuwa zai ƙara sauraronmu ba.

Manzo Bulus ya san wannan wuya. Da ya bar Timoti a Afisa, cikin wasiƙarsa ta fari ya gargaɗe shi kada ya bari a raina ƙuruciyarsa. Amma a sura ta 5 ya hana shi tsauta wa dattijo, sai dai ya roƙe shi kamar uba, tsofaffin mata kuwa kamar uwaye. Watau gyara wajibi ne, gatsali aka hana.

Mu dubi Annabi Natan. Da Sarki Dawuda ya yi zunubi, misalin 'yar tunkiya ya kawo masa, har sarki ya yanke wa kansa hukunci, ya tuba.

Saboda haka mu sami dattijon shi kaɗai, mu durƙusa, mu ce, "Baba, a gafarta mini, mu sake duba ayar nan tare." Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.