In Faɗa, Ko In Yi Shiru?

Kowace shekara, sa'ad da lokacin neman shiga jami'a ya yi, samarinmu da 'yan matanmu na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su kan zauna su cika takardu. Yawancin tambayoyin ba su da wuya: suna, gari, ranar haihuwa, makarantar da aka gama. Amma akwai wata tambaya wadda ta kan sa alƙalami ya tsaya. Makaranta ta kan so ta sani ko an taɓa korar mai nema, ko dakatar da shi, ko soke sakamakonsa saboda satar jarrabawa. Wani wuri a takarda a ke tambaya, wani wuri baki da baki ranar tantancewa. A Amurka ma, takardar da makarantun likitan haƙori su ke amfani da ita tare tana yin wannan tambaya a fili.

To, a ce ga wani saurayi. Yana ɗan shekara 17 aka kama shi da 'yar takarda a ɗakin jarrabawa, aka soke sakamakonsa. Ya ji kunya, ya tuba. Da shekara ta kewayo ya sake zama, ya ci da guminsa. Yanzu yana so ya tafi Jami'ar Bayero ta Kano ya koyi aikin likitan haƙori. Ga tambaya a gabansa. In ya ce i, watakila a ba wani gurbinsa. In ya ce a'a, watakila ba mai ganewa har abada. Me zai rubuta?

Kada mu yi saurin yanke masa hukunci, gama abin da zai rasa ba kaɗan ba ne. Mun san yadda karatu ya ke a ƙasarmu. A shekarar 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe makarantu saboda 'yan bindiga masu satar yara. Iyaye da yawa sun bar gonakinsu. Yaron da ya kai ƙofar jami'a ta cikin wannan wahala, kuɗin gero da na akuya ne su ka kai shi, idon dukan gida kuwa yana kansa. Saboda haka masu ce masa ya yi shiru ba miyagu ba ne. Sau da yawa su ne mafi ƙaunarsa. Bari mu ji hujjojinsu ɗaya ɗaya.

Na fari su kan ce, ba wanda zai sani. Wannan ba tabbas. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. A shekarar 1999 aka zaɓi Salisu Buhari na Kano ya zama Kakakin Majalisar Wakilai ta Nijeriya. Ba a daɗe ba aka gane takardar Jami'ar Toronto da ya nuna ba ta gaskiya ba ce, har shekarunsa ma ya ƙara. Ya sauka daga kujera a watan Yuli na wannan shekara, yana roƙon gafara da hawaye a gaban dukan ƙasa. A shekarar 2023 kuma wata ɗaliba a jihar Anambra ta nuna sakamakon da ta ƙara wa maki, hukumar JAMB ta gane, ta hana ta zaman jarrabawarta shekara 3. Yau sakamako yana ajiye cikin kwamfuta, ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa. Jami'a kuwa tana da iko ta kori ɗalibin da ya shiga da ƙarya, ko da ya kai aji na ƙarshe. Amma ko da mun tabbata ba za a gane ba, tambayarmu tana nan. Wanda tsoron kamu kaɗai ya ke hana shi ƙarya, ranar da tsoro ya kau zai yi ta.

Na biyu su kan ce, kowa yana yi. Gaskiya ce cutar ta daɗe. A shekarar 1977 tambayoyin WAEC su ka fita kafin ranar jarrabawa, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. A 1984 mulkin soja ya yi doka ta ɗaurin shekara 21 a kan satar jarrabawa. A 1999 aka yi sabuwar doka: yaron da bai kai shekara 18 ba, tarar naira 100,000 ko ɗauri har shekara 3, malami ko mai tsaron jarrabawa kuwa shekara 4. Duk da haka ba a daina ba. Amma yawan masu ciwo ba ya mai da ciwo lafiya. In rijiyar gari ta gurɓace, ba mai cewa tun da kowa yana sha, ruwan ya yi kyau.

Na uku su kan ce, ai Allah ya riga ya gafarta masa, don me za a tono abin da aka binne? Wannan hujja ce ta fi shiga kunnen mai bi, don haka sai mu dube ta da kyau. Hakika wanda ya tuba an gafarta masa, ba kuwa wanda ya isa ya riƙe laifin a kansa. Amma gafara tana share alhaki ne, ba ta mai da abin da ya faru ya zama bai faru ba. Makaranta ba ta tambaye shi ko yana da alhaki a gaban Allah ba. Ta tambaye shi ko abu kaza ya taɓa faruwa. In ya rubuta a'a, ya yi sabon laifi yau, da hannunsa, da hankalinsa, ba kuwa cikin ruɗewar ƙuruciya ba. Ku tuna da Hananiya da Safiratu cikin Ayyukan Manzanni sura 5. Gonar tasu ce, kuɗin nasu ne, ba wanda ya tilasta musu su kawo duka. Abin da ya hallaka su shi ne, sun kawo wani kashi su ka nuna kamar duka ne. Ku tuna da Bulus kuma. Sa'ad da ya tsaya gaban sarki Agaribas, da bakinsa ya ba da labarin yadda ya tsananta wa masu bi. Mutumin da ya tabbata an gafarta masa, shi ne ya ke iya faɗin abin da ya wuce ba tare da rawar jiki ba.

Na huɗu su kan ce, ƙasarmu tana bukatar likita, ƙarya ɗaya ƙarama za ta ceci mutane da yawa. Bukatar kam gaskiya ce. Mutumin ƙauyen Zurmi wanda haƙori ya hana shi barci, sau da yawa sai ya nemi mai cirewa a kasuwa, ko ya kama hanyar Gusau da dukan hatsarinta. Akwai kuma muguwar cutar nan da likitoci su ke kira noma, wadda ta kan fara daga dasashi ta cinye kumatu da leɓen yaro mai fama da yunwa. A Sakkwato akwai asibiti musamman dominta tun 1999, a watan Disamba na 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Wanda ya iya duban bakin yaro ya gane ta da wuri yana iya ceton fuska, har da rai.

Amma wace irin likita mu ke bukata? Ku duba yadda aikin ya ke. Mutum ya kan kwanta a kujera, ya buɗe baki, ya miƙa kansa. Ba ya ganin abin da a ke yi a ciki. In likita ya ce haƙori biyu ne su ka lalace alhali ɗaya ne, ba shi da hanyar sani. In ƙarfe ya karye, ko saiwar haƙori ta rage cikin muƙamuƙi, likita kaɗai ya sani. A wannan sa'a zai zaɓa: ya faɗa ya sha kunya, ko ya ɗinke ya yi shiru, mutum ya koma gida da kumburi. Wannan ita ce tambayar takardar nan, ta komo da wata riga. Karatun shekara 6 ne, da shekara guda ta koyon aiki a asibiti, kafin Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya ta sa sunan mutum cikin littafinta sosai. Cikin shekarun nan za a koya masa jijiyoyi da magunguna. Amma faɗin gaskiya a lokacin da ta ke da tsada, wannan da shi a ke shiga, ba a ciki a ke samu ba. Wanda ya shiga ta ƙofar ɓoyo ya riga ya koya wa hannunsa hanya.

Sai dai a lura da iyakar maganar. Ba a ce mutum ya bi titi yana shelar laifinsa ba. In ba a tambaya ba, an kuwa riga an hukunta shi, takardar da ke hannunsa kuma da guminsa ya same ta, ba shi da bashin bayani a kan kowa. Shiru a nan ba ƙarya ba ne. Amma in an tambaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Akwai kuma hali na uku, wanda ya fi duka nauyi: mutumin da ba a taɓa kama shi ba, amma ya san takardar da ya ke riƙe da ita wani ne ya zauna masa, ko amsa aka saya masa. Wannan kayan sata ne a aljihunsa, gurbin da zai samu da ita kuwa na ɗan wani ne. Zakka bai tsaya ga baƙin ciki kaɗai ba, ya yi alkawarin mayar da abin da ya ƙwace. Hanyar mayarwa a nan ita ce a ajiye takardar, a sake zaman WAEC ko NECO, ko da shekara guda za ta tafi.

Yaya za a faɗa? A taƙaice, ba kwana-kwana. Ka faɗi abin da ka yi, da shekarar, da hukuncin da aka yi maka, da abin da ka yi tun daga ran nan. Kada ka ɗora wa malami ko aboki. In akwai shugaban makaranta ko dattijon da ya ga sakewarka, ka roƙe shi ya rubuta shaida.

Ba ni da ikon yi wa kowa alkawari cewa za a karɓe shi. Watakila masu zaɓe su ga gaskiyarsa su girmama shi, watakila su ajiye takardarsa gefe. In haka ta faru, hasara ce ta gaske, kada mu ce masa ba kome. Amma wanda aka ƙi saboda gaskiya yana iya sake nema baɗi da fuskarsa a sake. Wanda aka karɓa bisa ƙarya zai yi shekara 6 gabansa yana faɗuwa duk ran da aka kira sunansa ofis.

Saura magana gare mu iyaye da dattawan ikilisiya. Yara da yawa ba su ne su ka fara tunanin ɓoyewa ba, mu ne mu ka raɗa musu. Waɗansu iyaye ma su ne su ka biya kuɗin amsa tun da fari. In yaro ya zaɓi gaskiya ya rasa gurbi, kada ya tarar da gori a gida. Mu tsaya tare da shi, mu haɗa masa kuɗin sake jarrabawa, mu riƙe asirinsa. Gama in mun hukunta mai faɗin gaskiya fiye da mai ɓoyewa, mun koya wa ƙannensa abin da za su yi.

Ubangiji ya ba 'ya'yanmu ƙarfin zuciya a gaban takarda, ya ba mu kuma likitocin da za mu buɗe musu baki ba tare da tsoro ba.