Shawara da ciwon hanta: sanin ƙauye da sanin lakwal

Bahaushe ya raɗa wa wannan cuta suna daga abin da ido ke gani. In idon mutum ya koma launin ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja, abinci ya fita ransa, sai a ce shawara ce, a nufi mai saiwoyi. Sau da yawa majinyacin yakan miƙe bayan ƴan makonni, gari ya shaida cewa jiƙon ya yi aiki. Wanda ya tashi cikin irin wannan shaida ba a kiransa jahili, domin hankalinsa ya bi abin da ya gani. Abin da ya ɓoye masa shi ne, ciwon hanta nau'in A, da mafi yawan na B idan ya kama baligi, jiki ne ke kawar da su da kansa, a sha jiƙo ko kar a sha.

Mai kisan ba ya nuna kansa. Ƙwayar nau'in B, wadda Baruch Blumberg ya gano alamarta a 1965, takan zauna shekaru ashirin ko talatin cikin hanta ba ciwo ba zazzaɓi. Ranar da ciki ya kumbura, sunan shawara ba ya ma zuwa a baki. Sammu ake zargi, a dubi kishiya ko abokin gaba.

A nan ɗan lakwal zai yi murmushi, amma nasa kuskuren ya fi ciwo. Ya ji a rediyo cewa cutar tana bin jini da saduwa, sai ya ajiye ta kusa da sida, ya mai da ita cutar abin kunya. Saurayi ya je likita ba ɗan'uwansa jini, gwaji ya nuna yana da ita, a fasa aurensa, a ware masa kwano, alhali cin tuwo a akushi ɗaya ba ya yaɗa ta. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, akasarin masu ɗauke da ita tun suna ƙanana suka same ta: wajen haihuwa, ko cikin gida tsakanin yara, ko daga askar da ta yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga ba a tafasa ta ba. Jaririn da ya kamu, sau 9 cikin 10 takan zauna masa har girma. Baligi kuwa bai kai 1 cikin 20 ba. Wane laifi jariri ya yi?

Tsohuwar ƙauye ta ɓata ne da rashin labari, ba ta kuwa ƙyamaci kowa ba. Mai takarda ya sami rabin labari, ya yanke hukunci da shi a kan mutuncin wani, kuma a hannunsa littafi yake da zai iya karanta sauran rabin. Nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Sauran rabin kuwa ga shi. Nijar ta sa rigakafin nau'in B cikin allurar yara a 2008. Mijin mai cutar ko matarsa allura ke kare su, auren bai ɓaci ba. Akwai magungunan da ke danne ƙwayar, ko da ba su fid da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, wato tun kafin wanzami ya zo ranar suna. Macen da ta haihu a ɗaki a karkarar Maraɗi ko Tawa, ungozoma ce kaɗai ke kusa da ita a waɗannan awoyi, ita kuwa ungozomar ba ta karanta takardar da aka manna a bangon likita.