Wa Ke Bin Wani?

Da kaka, bayan an gama yankan gero, na je gida Toranke don in gaida tsofaffi. Ina zaune a zaure bayan la'asar sai ga ɗan ƙanena ya shigo, saurayi ne wanda bai wuce shekara ashirin da biyar ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baffa, dubi nan. Mabiyana sun kai 40,000."

Na karɓa na duba, ga lambar kuwa rubuce a ƙarƙashin hotonsa. Na ce, "Madalla. To, ina su ke?"

Ya yi dariya ya ce, "Ai suna ko'ina, Baffa, har Makka, har Kumasi."

Na ce, "In ka kira gayya gobe, mutum nawa daga cikinsu za su zo da fartanya?"

Ya sunkuyar da kai, bai ce kome ba.

Ba don in kunyata yaron na yi wannan tambaya ba. Ni malamin ofis ne, rabin kwanakina wajen rubuta sunayen mutane cikin rajista suka ƙare, don haka in na ga lamba na kan so in san abin da ke bayanta. Tun daga ran nan na ke juya maganar a raina, har na ga ya kamata in shimfiɗa ta gaban masu karatu, gama yanzu da wuya ka sami gidan da ba shi da yaro mai wannan buri.

A da, in an ce wane mai jama'a ne, kaya aka aza masa. Zamanin En'e ana gane girman dagaci da yawan magidantan da ke cikin littafin harajinsa, kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano cikin 1979. Amma dagacin nan ya san kowane suna da fuskar mai shi. In wani ya gudu, shi za a tambaya. In yunwa ta faɗo, ƙofarsa za a taru. Haka malami da almajiransa, haka maigida da barorinsa. Masu tarihi ma sun ce maƙera ne suka tashi daga nan Gaya suka tafi Dala neman tama, mutane suka bi su, har gari ya kafu. An bi su ne domin sun san abin da sauran ba su sani ba, kuma ga fartanya da gatari suna fitowa daga maƙerarsu kowa yana gani.

Wannan sabuwar jama'a ta waya kuwa dabam ta ke, sai mu duba yadda a ke tara ta da yadda a ke cin abinci da ita. Wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga 2001. An kafa Facebook cikin 2004, YouTube cikin 2005, TikTok kuwa ta zo daga baya, daga ƙasar Sin. Duk cikinsu ba wanda ke karɓar kuɗin shiga. Ka taɓa ganin ɗan kasuwar da ya gina rumfa ya ce kowa ya zo ya zauna kyauta, ba shi da wata manufa? Manufarsu talla ce. Masu haja suna biyansu domin a nuna maka hajar sa'ad da ka ke kallo. Watau idonka da lokacinka su ne abin sayarwa, mai mabiya kuwa shi ne ya kora ku zuwa rumfa, don haka a ke yaga masa wani abu. A YouTube, bisa babbar ƙa'idarsu, sai mutum ya tara mabiya 1,000, an kuma kalli abin da ya sa har sa'a 4,000 cikin wata goma sha biyu, kana a fara raba kuɗin talla da shi, ya ɗauki kashi 55 cikin ɗari. A TikTok kuma mutum ya kan buɗe waya yana magana ana kallonsa nan take, masu kallo suna jefa masa kyauta mai siffar fure ko zaki, wadda suka saya da kuɗi, kamfani ya cire rabonsa ya ba shi saura. Rabon nan ba kaɗan ba ne. Cikin 2022 ma'aikatan BBC sun bincika yadda 'yan gudun hijira na Siriya ke bara ta wannan hanya, suka ce wani lokaci abin da kamfanin ke riƙewa ya kan kai kashi 70 cikin ɗari.

To, ba mutum ne ke zaune yana zaɓen abin da za a nuna wa kowa ba, na'ura ce. Na'urar nan ba ta san alheri ba, ba ta san sharri ba. Abin da ta ke ƙirgawa shi ne daɗewar ido a kan abu, da yawan masu tanka masa. Abin da aka daɗe ana kallo sai ta ƙara tura shi gaba. Kai ma ka sani, in malami yana wa'azi a wannan gefen kasuwa, mata biyu kuma suna kokawa a wancan gefe, ba sai an gaya maka inda taro zai fi cika ba.

Yaron namu da abin kirki ya fara. Yana nuna yadda a ke zuba wake cikin buhun nan mai ruɓi uku a ɗaure bakinsa tam, ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba. Yana nuna lokacin sa taki, da yadda a ke gane gyaɗa ta nuna. Wata shida yana yi, masu kallo ba su taka kara sun karya ba. Ran nan a kasuwa faɗa ya kaure tsakanin wani mahauci da mai saye, ya ɗauka ya sa, kafin gari ya waye waɗanda suka kalla sun fi na wata shidan nan duka. Daga nan sai wake ya ja baya. Yau ya kwaikwayi tafiyar wani tsoho, gobe ya tsokani wani mai mabiya irinsa don su yi ta zage-zage ana kallo. Na tambaye shi ko yana jin daɗin wannan, ya ce, "Baffa, abin da su ke so ke nan. In na daina kwana uku sai su watse."

Ka ji fa. Sunansu mabiya, amma su ke gaba, shi ke biye. Su ke yanka masa abin da zai faɗa, da irin rigar da zai sa, har da lokacin barcinsa. Bara ma ya fi shi sauƙi, domin bara ya san ubangidansa, in ya yi rashin lafiya a kan aiko a gaishe shi. Wannan kuwa iyayen gidansa dubu arba'in ne, ba wanda ya san fuskarsa a cikinsu sai kaɗan, kuma babu ranar da za su ce ya isa haka.

Kada mai karatu ya zaci ina cewa abin duka ɓata ne. Na san matan aure a Gaya da Ajingi waɗanda ke sayar da turaren wuta da atamfa da dubulan daga cikin ɗakinsu ta waya. A da sai an ɗora wa yarinya faranti ta yini tana yawon talla, yanzu kuwa ga ta a makaranta. Wannan kaɗai ya isa a gode wa Allah. Ga karatun malamai yana isa ƙauyen da ba su taɓa takawa ba. Akwai kuma wani saurayi haifaffen Senegal mai suna Khaby Lame, wanda ya rasa aikinsa na masana'anta a Italiya cikin 2020, ya shiga ba mutane dariya ba tare da ya furta ko kalma ɗaya ba, balle zagi, har cikin 2022 ya zarce kowa yawan mabiya a TikTok. Ashe ana iya tara taro ba da ashar ba. Sai dai irinsa ɗaya ne cikin dubbai, kuma labarin wanda ya samu a ke ji, waɗanda suka ƙarar da kuɗin irinsu wajen sayen data ba mai ba da labarinsu.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen talla. Mafi yawan masu mabiya a ƙasarmu ba daga kamfani su ke samu ba, daga 'yan kasuwa ne waɗanda ke biyansu su yabi haja. Wasu sun ce ai wannan roƙo ne kawai ya sake riga. Ni ban yarda ba, domin an zalunci maroƙa da wannan kwatanci. Sa'ad da Narambaɗa ke wasa Sarkin Gobir na Isa, ba wanda ya jahilci cewa mawaƙin fada ne, ana ba shi doki da riga. Sana'arsa a fili ta ke, don haka ba mai ɗaukar kirari ya kai gaban alƙali a matsayin shaida. Dillali ma kowa ya san yana da la'ada, shi ya sa mai saye ke buɗe bakin akuya da kansa ya duba haƙora. Amma mai mabiya ya kan zo maka da fuskar aboki. Ka saba da muryarsa, ka ga ɗakinsa, ka ga 'ya'yansa, sai ya ce maka, "Wallahi ni ma da wannan na ke amfani," alhali jiya aka biya shi, bai ko buɗe kwalbar ba. Ba hajar ya sayar ba, yardar da ka yi masa ya sayar.

Malamanmu na fiƙihu sun riga sun yi maganin wannan tun ba a san waya ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji an hana ɓoye aibin haja, ya kuma ji labarin yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tsawata wa mai shi. An kuma hana abin da a ke kira najashi, watau mutum ya riƙa ƙara kuɗin haja ba da nufin saye ba, sai don ya ruɗi wani ya saya da tsada. To, wanda ya biya kuɗi aka ƙara masa mabiyan ƙarya, sunaye ba mutane, domin mai haja ya ga taro ya ba shi talla, me ya raba shi da wannan? Taron tsintsiya ne ba shara, amma ya karɓi ladan shara.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ma shi ne abin da ya biyo baya. Wasu mutane da bai taɓa gani ba suka aiko wa yaron kuɗi, suka ce ya sanar da mabiyansa wata hanya da a ke zuba kuɗi su ninka cikin wata guda. Irin wannan tarko ba sabo ba ne. MMM ta rufe da kuɗin mutane a watan Disamba na 2016, muna gani da idonmu, CBEX kuma ta yi haka a watan Afrilu na 2025. Duk da haka ya karɓa ya yi. Wata maƙwabciyarmu, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ta ji a wayar ɗanta. Ta sayar da awakinta biyu ta zuba. Kafin wata ya cika an nemi mutanen an rasa.

Da na kira shi sai ya ce, "Baffa, ni ban ci ko kwabonta ba. Talla kawai na yi, kuma ban ce dole ba."

Na daɗe ina auna wannan amsa, domin ba wofi ba ce. Gaskiya ne bai sa hannu a aljihunta ba, gaskiya ne kuma kwaɗayi ya taimaka. Mai shela in ya faɗi saƙon hakimi, ba a kama shi in saƙon ya zama kuskure. Amma mai shela ya kan ce, "Hakimi ya gaishe ku," kowa ya san maganar wa ya ɗauko. Shi kuwa cewa ya yi ya gwada ya ga amfani. Matar nan ba ta san kamfani ba, ba ta iya ko karanta sunansa ba. Abin da ta sani shi ne wannan ɗan wane ne, a gabanta aka yi sunansa, ubansa bai taɓa cin amanar kowa ba. Mutuncin gidanmu na shekara da shekaru shi aka kai kasuwa ran nan, aka sayar da shi a kan abin da bai kai kuɗin buhun taki ba.

Su kuma dubu arba'in ɗin, ko ɗaya bai zo jaje ba. Haka abin ya ke. A watan Nuwamba na 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa samari biyu 'yan TikTok bulala ashirin-ashirin, da tara, da sharar harabar kotu kwana talatin, a kan ɓata sunan gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Mutane sun yi ta gardama a kan ko hukuncin ya dace, ba kuwa shi ne zancena a nan ba. Abin lura shi ne waɗanda suka yi ta dariya suna turawa gaba, ba a raba bulalar da su ba. Gonar ma ta aro ce. Gwamnatin Tarayya ta rufe Twitter daga Yuni 2021 har Janairu 2022, Indiya kuma ta hana TikTok cikin 2020, masu miliyoyin mabiya suka wayi gari ba su da hanyar ce musu ko sannu.

Muka zauna da ubansa, aka yanke cewa yaron zai biya awakin, ɗaya yanzu daga kuɗin gyaɗarsa, ɗaya kuma in an ɗebe wake. Zai kuma fito a wayar ya gaya wa mabiyansa cewa biyansa aka yi, bai taɓa gwadawa ba. Wannan na biyu ya fi yi masa ciwo, ya ce rabinsu za su tafi. Na ce su tafi.

Ran da zan koma wurin aiki, da sassafe, na gan shi yana jan akuya ja da igiya zai nufi gidan matar. Ya tsaya a bakin zaure, ya ciro wayar daga aljihu, ya ce, "Baffa, ko in ɗauka in sa? Ai mutane za su so su gani."

Na miƙa hannu na ce, "Kawo ta nan, ka karɓa in ka dawo."