Hunturu, Huffi da Alwalar Direban Tirela

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke sauko wa Gombe da hazo daga Sahara, direban tirelar da ya baro gida a Gabukka ya ɗauko siminti daga Ashaka ko masara daga kasuwar Tudun Hatsi yakan riski asuba a wuraren da sanyinsu ya fi na gida tsanani, musamman tudun Biu da tsaunin Jos mai tsayin kimanin mita 1,200. Suwaita da jaket ɗin gwanjo da hular sanyi ba su tayar da wata tambaya, domin kare rai na cikin larurori biyar da Imamu Gazali ya ce shari'a ta zo ta tsare su. Gardama tana ƙafa, wato abin da mutum zai yi da safa da takalmi idan lokacin alwala ya yi, ga ruwan buta ya kwana a waje, ga faso ya tsaga dunduniya.

Mazhabar Malikiyya, wadda Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Halilu suka yaɗa ta a zaurukan ƙasar Hausa, ta yarda a yi shafa a kan huffi, wanda shi ne suturar ƙafa ta fata mai tsarki, ɗinkakkiya, da ta rufe idon sawu kuma ake iya tafiya da ita, da sharaɗin an sa shi bayan cikakkiyar alwala da ruwa. Malikawa ba su iyakance kwanaki ba, sai dai an so a cire duk Juma'a, alhali sauran mazhabobi sun ba mazaunin gida yini da dare, matafiyi kuma kwana uku. Safar zare zalla, wadda ita ce yawancin direbobi ke sawa, Malikawa ba su amince da shafa a kanta ba sai an lulluɓe ta da fata, amma Hanbaliyya sun amince idan tana da kauri, kuma wannan saɓani ne ke sa a ga direba da yaron motarsa suna alwala iri biyu a bakin buta ɗaya. Abin da ake yawan mantawa shi ne takalmin fata mai dogon wuya, in ya tsira daga najasa, ya cika sharuɗɗan huffi.

Taimama, wato tsarki da ƙasa a madadin ruwa, hukuncinta ya fi ƙunci. Hujjarta a lokacin sanyi ita ce abin da Amru ɗan Asi ya yi a yaƙin Zatus Salasil, shekara ta 8 bayan Hijira, inda ya yi taimama saboda ya ji tsoron wanka zai halaka shi, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai zarge shi ba. Malamai sun rataya wannan rangwame ga tsoron cuta na haƙiƙa tare da rashin hanyar ɗumama ruwa, don haka ƙyuya ko jin ɗari ba su isa uzuri ba. A tashoshin da manyan motoci ke kwana, da wuya a rasa mai shayi da tukunyarsa a kan wuta tun kafin kiran assalatu, kuma wanda zai iya samun kofin ruwan zafi ya sirka a butarsa, taimama ba ta halatta gare shi ba.